Guguwar Katrina a Fina-finan Gaskiya: Abin da Ya Nutsar da New Orleans da Abin da Ya Hana Mutanenta Komawa

A watannin Yuli da Agustan 2025, da guguwar Katrina, wadda ta afka wa birnin New Orleans na jihar Louisiana a 2005, ta cika shekara 20, manyan kafofi biyu na Amurka suka fitar da dogayen shirye-shirye a kanta. National Geographic ce ta fara da shiri mai kashi biyar, Netflix ta biyo baya da mai kashi uku. Duk wanda ya kalli waɗannan, ko waɗanda suka gabace su, ba tare da sanin tarihin ba, zai iya tashi da tambayoyin da suka fi waɗanda ya zauna da su. An ce guguwa ce, amma masu magana a ciki suna ta nanata cewa ba guguwa ce ta hallaka 'yan'uwansu ba. A wani wuri a ce mutum 1,833 suka mutu, a wani wurin a ce 1,392. Akwai dattawan da suka rantse sun ji ƙarar fashewa kafin ruwa ya shigo, injiniyoyi kuma sun ce babu wanda ya dasa nakiya. Ga birnin ana nuna shi cike da masu yawon buɗe ido, ga kuma 'ya'yansa suna cewa har yau ba su koma gida ba.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan maganganu tana da tushe, kuma sai an bi tushen ake gane inda shaidar waɗanda abin ya shafa ta haɗu da binciken masana, da inda suka rabu.

## Kalmomin da ake buƙata

Irin fim ɗin da ake magana a kai shi ne dokumentari, wato fim ɗin gaskiya: babu 'yan wasa, babu ƙagaggen labari, sai hotunan da aka ɗauka abin yana faruwa da hirarrakin waɗanda suka gani da idonsu. Sai dai mai shirya shi yana zaɓi a kowane mataki. Zai tara hirar da ta ninka abin da zai fitar sau da yawa, shi zai yanke wanda za a ji, da wanda za a fara ji, da kiɗan da zai raka maganar. Saboda haka kowane fim ɗin Katrina hujja ce da wani ya gina da kayan gaskiya, kuma haka ya kamata a kalle shi.

Mahaukaciyar guguwar teku kuwa ana auna ta da matakai biyar gwargwadon gudun iskarta. Mataki na 3 yana farawa daga kusan kilomita 178 a awa, na 5 daga kusan 252. Ma'aunin nan na iska ne kawai, ba ya faɗin yawan ruwan da guguwa za ta turo. Wannan ruwan shi ne toroƙon teku: iska tana tura teku gaba, ta tara shi, ta hau da shi kan tudu. A gaɓar jihar Mississippi toroƙon Katrina ya haura mita takwas a wasu wurare.

Kalma ta uku ita ce jinga. Kusan rabin New Orleans yana ƙasa da matakin teku, tsakanin kogin Mississippi da tafkin Pontchartrain, kamar akushi da aka ajiye tsakanin ruwa biyu. Abin da ke tsare birnin shi ne jingar ƙasa, da katangun kankare da aka kafa a bakin magudanan da suka ratsa unguwanni, da manyan famfuna masu fitar da ruwan sama. Rundunar injiniyoyin sojan Amurka ce ta tsara ta kuma gina mafi yawan wannan kariya, bisa wata doka da majalisar tarayya ta yi a 1965 bayan guguwar Betsy. Shekara 40 bayan haka, aikin bai kammalu ba.

## Mako guda a taƙaice

Katrina ta faro kusa da tsibiran Bahamas ranar 23 ga Agustan 2005, ta ratsa kudancin Florida, ta faɗa tekun Mexico mai ɗumi, ta kai mataki na 5 ranar Lahadi 28 ga wata. Ranar ce magajin gari Ray Nagin ya ba da umarnin kowa ya fice, umarnin dole na farko irinsa a tarihin birnin. Mafi yawan jama'a sun fita, amma kimanin mutum 100,000 sun rage. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen birnin ba su da mota. Ƙarshen wata ne, albashi da kuɗin tallafi ba su shigo ba. Wasu suna da tsoho ko majinyaci da ba zai ɗauku ba, wasu kuma sun ga guguwa da yawa ta zo ta wuce. Hukumomi sun san da wannan, domin a 2004 sun yi atisaye kan irin wannan guguwa, ya kuma nuna dubban mutane ba za su iya fita da kansu ba. Ba a gama tsara yadda za a kwashe su ba.

Da asubahin Litinin 29 ga wata guguwar ta sauka a kudu maso gabashin Louisiana, ta riga ta yi rauni zuwa mataki na 3, tsakiyarta kuma ta bi gabas da birnin. Rahotannin farko ma cewa suka yi New Orleans ta sha da ƙyar. Ashe katangu sun fara ɓallewa. Kariyar ta karye a wurare fiye da 50, ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin, a wasu unguwanni ya haura mita huɗu. Sai cikin watan Oktoba aka gama zuƙe shi.

Mutum fiye da 20,000 suka fake a filin wasa na Superdome, wasu dubbai a babban zauren taro na birnin, cikin zafi, babu wuta, ban-ɗaki ya toshe, abinci da ruwa ba su isa ba. Dakarun tsaron gaɓar teku sun ceto fiye da mutum 30,000, masu kwale-kwale na kansu su ma sun ceto da yawa. Amma babban ayarin kayan agaji bai shigo ba sai Juma'a 2 ga Satumba, ranar da Shugaba George W. Bush ya yaba wa Michael Brown, shugaban hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, a gaban kyamara. Kwana goma bayan yabon, Michael Brown ya ajiye aiki.

A tsakanin nan jita-jita ta yi nata ɓarnar. An yi ta yaɗa labaran fyaɗe da kisan gilla a Superdome, magajin gari da shugaban 'yan sanda suka maimaita su a talabijin. Da jaridar birnin, Times-Picayune, ta bi diddigi, gawa shida aka samu a filin, babu kuma wadda aka tabbatar kisan kai aka yi mata. Kafin gaskiyar ta fito an riga an janye 'yan sanda daga aikin ceto an tura su farautar masu wawason shaguna. Ranar 4 ga Satumba, a gadar Danziger, 'yan sanda suka buɗe wa mutanen da ba su da makami wuta, suka kashe biyu, suka raunata huɗu, aka kuma ɓoye gaskiyar shekaru. Sai a 2016 aka kammala shari'ar, bayan jami'an sun amsa laifi.

Bambancin alƙaluman mace-mace kuwa ga asalinsa. An daɗe ana amfani da 1,833. A 2023 cibiyar kula da guguwar teku ta Amurka ta sake duba bayanan ta mayar da shi 1,392: mutum 520 guguwar ta kashe kai tsaye, 565 ta dalilinta, 307 ba a tantance sanadi ba. Babu ɗaya daga cikin lissafin biyu da ya iya ɗaukar duk tsofaffin da suka rasu watanni bayan an raba su da gidajensu da likitocinsu.

## Fina-finan, da abin da kowanne ya sa gaba

Wanda ya kafa salon shi ne When the Levees Broke na mai shirya fim Spike Lee, mai tsawon kusan awa huɗu, wanda tashar HBO ta nuna a Agustan 2006. Sunansa ma, wato lokacin da jinga ta ɓalle, matsaya ce: jingar ya ambata, bai ambaci iska ba. Babu mai ba da labari daga bayan fage. Mutane ne kawai suke magana ɗaya bayan ɗaya, talaka da ɗan siyasa da injiniya da mawaƙi, kowa da irin zafin kansa. Mai busa ƙaho Terence Blanchard, ɗan birnin, shi ya tsara kiɗan, kuma a cikin fim ɗin an nuna shi ya raka mahaifiyarsa ganin gidanta karo na farko bayan ruwa. Lee ya koma a 2010 ya yi na biyu, wanda ya haɗa da malalar man kamfanin BP a tekun Mexico a waccan shekarar.

Trouble the Water na 2008 ya bi wata hanya dabam. Wata matashiya 'yar unguwar Ninth Ward, Kimberly Rivers Roberts, ta sayi tsohuwar kyamara kwanaki kaɗan kafin guguwar. Ba ta da motar fita, sai ta ɗauki maƙwabtanta suna shiri, ta ɗauki ruwa yana hawa, ta ɗauki yadda suka taru a ƙarƙashin rufin gida. Masu shirya fim Tia Lessin da Carl Deal suka haɗu da ita a sansanin masu gudun hijira suka gina fim ɗin a kan hotunanta. Ya ci babbar kyautar bikin Sundance, an kuma sa shi cikin masu takarar Oscar. Darajarsa ita ce hoton daga ciki aka ɗauke shi. Abin da duniya ta gani a talabijin a 2005 mafi yawansa daga jirgi mai saukar ungulu ne, mutane sun zama ɗigo-ɗigo a kan rufi, ba suna, ba murya.

Katrina Babies na 2022 shi ne ya fi kusa da tambayar tasiri mai ɗorewa. Edward Buckles Jr. yana da shekara 13 lokacin guguwar. Da ya girma ya riƙa zama da tsararrakinsa yana tambayarsu abin da suka gani suna yara, kuma abin da ya fi fitowa daga bakinsu shi ne ba a taɓa tambayarsu ba. Manya sun shagala da neman matsuguni da cike takardu, yara kuma aka ɗauka za su manta.

Akwai kuma na masu bincike, irin shirye-shiryen Frontline na tashar PBS da suka bi gazawar hukumomi da harbe-harben 'yan sanda, da The Big Uneasy na Harry Shearer a 2010 da ya tsaya kan aikin injiniyoyi kaɗai. Na 2025 sun zo da abin da na farko ba su da shi, wato shekara 20 ta waiwaye. Na National Geographic, wanda Traci Curry ta ba da umarni, Ryan Coogler kuma yana cikin masu ɗaukar nauyi, ya bi kwanakin dalla-dalla. Na Netflix, wanda Spike Lee ya ba da umarnin kashinsa na ƙarshe, ya miƙe har zuwa halin da birnin yake ciki yanzu.

## Inda ake saɓani

Batu na farko shi ne ko bala'in daga sama ya zo ko daga sakacin mutum. A kwanakin farko jami'ai sun ce guguwar ta fi ƙarfin abin da aka gina kariyar dominsa. A gaɓar Mississippi wannan gaskiya ne: garuruwa irin Waveland da Pass Christian teku ne ya share su, babu katangar da za a ɗora wa laifi. A New Orleans kuwa bincike ya nuna wani abu dabam. Katangun magudanar 17th Street da ta London Avenue sun faɗi alhali ruwa bai kai samansu ba, saboda turakun ƙarfen da ke riƙe su ba su nutse sosai ba a cikin ƙasa mai laushi, lissafin ƙarfin ƙasar ma an yi shi ba daidai ba. A Yunin 2006 rundunar injiniyoyin da kanta ta amsa cewa akwai kuskure a tsarin. A nan maganar mazauna birnin da ta masana ɗaya ce. Abin da ya rage shi ne biyan diyya, kuma kotu ta ce wata dokar 1928 ta ba gwamnatin tarayya kariya daga ƙarar ɓarnar ambaliya. An amsa kuskure, amma mafi yawan masu ƙara ba su samu komai daga rundunar ba.

Batu na biyu ya fi zafi. A fim ɗin Spike Lee na 2006 wasu mazauna Lower Ninth Ward sun ce sun ji fashewa, sun kuma yi imani da gangan aka fasa jingar unguwarsu don a tsirar da unguwannin masu kuɗi. Masu suka sun ce bai kamata a bar wannan zargi ya wuce ba tare da an rushe shi ƙarara ba, tunda babu binciken injiniyoyi ko ɗaya da ya sami alamar nakiya. Ƙarar da aka ji tana da bayani: katangar kankare mai tsawon ɗaruruwan mita idan ta karye ba a shiru take yi ba, kuma wani ƙaton jirgin dakon kaya ya bi ta ɓarakar ya faɗa cikin unguwar. Masu kare fim ɗin sun ce aikinsa adana abin da mutane suka yi imani da shi ne, tare da dalilin imanin. Dalilin kuma yana cikin tarihi. A babbar ambaliyar 1927, manyan birnin sun sa an fasa jingar Caernarvon da nakiya don a rage wa New Orleans nauyin ruwa, aka nutsar da gonaki da gidajen talakawan yankunan St. Bernard da Plaquemines, diyyar da aka yi alkawari kuma kaɗan aka biya. Wanda ya taso yana jin wannan labari daga bakin kakanni ba zai yi mamakin a sake ba. Abin da hujja ta tsayar shi ne an fasa jinga da gangan a 1927, ba a fasa ba a 2005. Fim ɗin da ya kawo zargin bai kawo binciken a gefensa ba ya bar mai kallo da rabin magana.

Batu na uku shi ne launin fata ne ko talauci. Kusan duk manyan fina-finan sun jingina ga cewa da a ce mafi yawan waɗanda suka maƙale farare ne, da agaji bai yi kwana huɗu a hanya ba. Suna kawo misalin 'yan sandan garin Gretna da suka tare gada suka hana masu gudu da ƙafa tsallakawa. Masu ganin an wuce gona da iri suna nuna cewa Lakeview, unguwar farare masu hali, ita ma ta nutse, yankin St. Bernard da farare suka fi yawa kusan babu gidan da ya tsira, kuma abin da ya fi haɗa mamatan shi ne tsufa: wani binciken jami'an lafiya ya nuna kusan rabin waɗanda suka mutu a Louisiana sun kai shekara 75 ko sun wuce. Wannan binciken dai ya nuna cewa a cikin birnin, idan aka kwatanta tsara da tsara, mutuwa ta fi yawa a cikin baƙaƙe. Rabe launi da talauci a New Orleans abu ne mai wuya, saboda tarihin bauta da dokokin wariya su suka tsara wanda ya mallaki tudu da wanda aka bar wa fadama, wanda yake da mota da wanda ba shi da ita. Hujjar da ta fi ƙarfi a kan wariya ba ta cikin makon ambaliyar. Tana cikin shekarun sake gini.

Akwai wani ƙorafi da ba a cika ji ba: mutanen Mississippi, inda fiye da 200 suka mutu, da al'ummar 'yan asalin Biyetnam na gabashin New Orleans, da ma'aikata 'yan Latin Amurka da suka zo suka yi aikin share ɓaraguzai, duk suna ganin labarinsu ya zama ɗan rakiya a manyan fina-finan.

## Bayan ruwa ya janye

A ƙidayar 2000 birnin yana da mutum kusan 485,000. A 2010 ya koma kusan 344,000, a 2020 kusan 384,000. Mafi yawan giɓin na baƙaƙe ne: sun ragu da fiye da 100,000, kasonsu ya sauko daga kashi biyu cikin uku zuwa ɗan sama da rabi. Da yawa sun zauna a Houston da Atlanta da Baton Rouge. Wasu sun sami aiki da makarantu da suka fi na gida, suka zaɓi zama. Wasu sun so komawa, hanya ta gagara.

Babban dalili shi ne yadda aka tsara shirin tallafin sake gina gidaje mai suna Road Home, wanda ke ba mai gida har dala 150,000. Ana duba abu biyu, kuɗin gyara da darajar gidan kafin guguwa, sai a biya wanda ya fi ƙanƙanta, bayan an cire abin da inshora ta bayar. A ɗauki gida biyu iri ɗaya, ɓarna iri ɗaya, ɗaya a unguwar masu hali, ɗaya a unguwar baƙaƙe inda gidaje ba su da tsada. Katako da siminti da ladan kafinta kuɗinsu ɗaya ne a duk unguwannin biyu, amma na farko zai karɓi abin da ya isa gyara, na biyu zai karɓi darajar gidansa da ba ta kai ba. Ƙungiyoyin kare haƙƙin gidaje sun kai ƙara a 2008, aka sasanta a 2011, lokacin da mutane da yawa sun riga sun haƙura. Ƙari a kan haka, gidaje da yawa a Lower Ninth Ward gidajen gado ne da suka bi hannu daga kaka zuwa jika ba a taɓa sauya takarda ba. Mai zaune a ciki ba shi da shaidar mallaka da sunansa, sai ya nemo duk magada, su kuma sun warwatsu a jihohi. Unguwar da ke da mutum kusan 14,000 a 2000, har yanzu ba ta maido rabinsu ba.

Masu haya su ne suka fi rasa madafa. A Disambar 2007 majalisar birni ta amince a rushe manyan rukunonin gidajen gwamnati huɗu, masu ɗauke da gida kusan 4,500, duk da cewa da yawansu ruwa bai yi musu mummunar ɓarna ba. Masu goyon baya sun ce wuraren sun zama matattarar talauci da laifi, gara a gina unguwannin da ke haɗa masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaici. An gina, sun fi kyau, amma gidajen da aka ware wa mafi talauci sun yi ƙasa da na da nesa ba kusa ba. Asibitin Charity, wanda ya shekara fiye da 200 yana karɓar marasa galihu, bai sake buɗewa ba, sabon asibitin da ya maye gurbinsa kuma sai 2015. Dubban iyalai sun zauna a gidajen tafi-da-gidanka na FEMA, waɗanda gwajin hukumar lafiya ya nuna a 2008 cewa da yawansu suna fitar da sinadarin fomaldehaid mai cutar da numfashi.

Makarantu su ne inda adalci ke buƙatar a faɗi abu biyu tare. Bayan guguwar an sallami malamai da ma'aikata fiye da 7,000, mafi yawansu baƙaƙe, waɗanda su ne ƙashin bayan masu matsakaicin hali a birnin. Jiha ta karɓe mafi yawan makarantun, sannu a hankali aka danƙa kusan dukkansu ga ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke gudanar da su da kuɗin gwamnati. Masu bincike na jami'ar Tulane sun sami cewa sakamakon jarrabawa da yawan masu kammala sakandare sun ƙaru. Iyaye da tsoffin malamai kuma suna cewa an rasa makarantar unguwa, yaro yana tashi da duhu ya hau bas zuwa wani gefen gari, malamin da ya san iyayensa da kakanninsa babu shi. Fina-finan sun fi ba wa ɓangare na biyu lokaci.

Abin da ba ya fitowa a taswira shi ne ciwon zuciya. An kai rahoton ɓatan yara fiye da 5,000 da aka raba da iyayensu a hargitsin kwashe mutane, sai a Maris na 2006 aka haɗa ta ƙarshe da danginta. Wasu masu bincike da suka riga suka fara bin wasu iyaye mata masu ƙaramin ƙarfi tun kafin guguwar sun ci gaba da bin su, suka ga kusan rabinsu suna da alamun ciwon firgici a shekarar farko, kuma bayan shekara 12 kusan ɗaya cikin shida ba ta rabu da shi ba. Alamun su ne rashin barci, da razana idan hadari ya haɗu, da gudun duk abin da zai tuno ranar. Wannan ma ya sa mutanen birnin suka rabu kan fina-finan kansu. Wasu suna ganin hira da kyamara ita ce karo na farko da aka saurare su. Wasu kuma kowace Agusta ta zo sai su kashe talabijin, suna tambayar nawa ne daga ribar waɗannan shirye-shirye yake komawa unguwannin da aka ɗauka.

## Halin da ake ciki yanzu

Bayan Katrina an kashe kusan dala biliyan 14.5 an gina sabuwar kariya mai manyan ƙofofin tare teku da tashoshin famfo. Ranar 29 ga Agustan 2021, daidai shekara 16, guguwar Ida ta sauka a mataki na 4. Wutar birnin ta ɗauke kwanaki, amma katangu sun riƙe. Sai dai ƙasar birnin tana ci gaba da nutsewa, teku yana hawa, dausayin gaɓar Louisiana da ke rage ƙarfin toroƙo kuma ya zaizaye da kusan murabba'in kilomita 5,000 tun daga shekarun 1930. Dole a riƙa ƙara wa jingar tsayi, wannan kuma kuɗi ne na kullum. Bayan guguwowin 2020 da 2021 kamfanonin inshora da dama a jihar sun durƙushe, kuɗin inshorar gida ya tashi, har wasu da suka sha wuya suka sake gini bayan Katrina yanzu inshora ce ke neman fitar da su.

Mai kallo daga arewacin Najeriya zai gane wani sashe na labarin ba tare da tafinta ba. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, kuma tambayoyin da suka biyo baya irin na New Orleans ne: me aka sani game da lafiyar ginin kafin ya karye, wa aka sanar, kuma da wane ma'auni za a raba tallafi tsakanin mai takardar gida da ɗan haya da mazaunin gidan gado.

A Amurka kuwa cikar shekara 20 ta zo ana tsaka da muhawara kan makomar FEMA. Bayan Katrina, majalisa ta yi doka a 2006 da ta ƙara wa hukumar ƙarfi, ta kuma wajabta shugabanta ya kasance mai gogewa a aikin agaji. A 2025 Shugaba Donald Trump ya ce yana son a rage hukumar a mayar da nauyin kan jihohi. Masu goyon bayansa suna cewa jiha ta fi sanin mutanenta, kuma jinkirin takardun FEMA abu ne da waɗanda suka tsira daga Katrina da kansu suka yi kuka da shi. Masu adawa, ciki har da ma'aikatan hukumar na da da na yanzu da suka rubuta wa majalisa wasiƙar gargaɗi a Agustan shekarar, suna cewa ɓarnar Katrina ta kai dala biliyan 125, kuma Louisiana da Mississippi, waɗanda ke cikin jihohi mafi talauci a ƙasar, ba su da baitulmalin da zai ɗauki ko kusa da wannan.